KAYA BA SU DA BAKI: WA ZA KU TSAYAR A RUMFAR BAJE KOLI?

'Yan'uwana matan aure na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, da ku 'yan mata 'yan makaranta masu karanta wa iyayenku wannan fili. 

Yau zancenmu a kan baje koli ne. Kun san dai da zarar kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an tsinke gyaɗa an shanya, sai mata su sami sararin komawa kan sana'a. Gidan nan ana tuyar ƙuli-ƙuli ana matsar mai, gidan can ana dafa kalwa za a yi daddawa, wata tana saƙar faifai, wata tana ɗinkin hula. A garuruwa da yawa kuma mata sun haɗa kai sun yi ƙungiya, suna zubin adashi, har in aka ce za a yi baje koli a Gusau ko Kano ko Kaduna su fid da kuɗi su kama rumfa. Wannan abin yabo ne ƙwarai.

Amma akwai wuri guda inda muke yin sakaci. Sai mu yi wata biyu muna wahalar shirya kaya, muna tankaɗe muna rairaya, muna wanke kwalabe, ba wadda ta tuna da maganar mai zama a rumfar. Sai ana gobe tafiya wata ta ce, "Af, wai wa za ta je ne?" Nan take a ce wance ta je, don ita ce shugaba, ko don tana da 'yar'uwa a birni inda za ta sauka, ko kuwa don ta daɗe tana marmarin ganin Kaduna. Shi ke nan, an ɗauki guminmu na shekara an damƙa wa wadda ba a gwada ba.

To, ku riƙe wannan: kaya ba su da baki. Komai kyan man gyaɗarki, ba zai kira mai wucewa ya ce masa ga ni ba. Wadda kuka tsayar a rumfa ita ce bakin kayanku, ita ce kuma fuskar garinku a idon baƙi. Saboda haka zaɓenta ya kamata ya zama aiki na fari, tun kafin a ɗora tukunya a wuta.

BAJE KOLI DABAN, KASUWAR GARI DABAN

Wata za ta ce, "Mu da muka tashi cikin saye da sayarwa, wa zai koya mana zaman rumfa?" Gaskiyarki, amma kasuwar gari daban, baje koli daban. A kasuwar garinku mai saye ya san ki, ya san gidanku, ya san irin daddawar da tsohuwarki take yi tun ba a haife ki ba. Ko kin yi shiru, sunan gidanku ya yi miki ciniki. A baje koli kuwa ba wanda ya san ki, ba wanda ya san kakanki.

Wanda ya fi suna a Arewa shi ne na Kaduna, wanda mutane ke kira Kasuwar Duniya. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke shirya shi a wani makeken fili da ke kan hanyar Zariya. Akan yi kamar kwana goma ana ci, kuma a 2019 aka yi karo na 40. Kano ma tana da nata a hanyar Gidan Zu, wajen ƙarshen shekara. Na Ikko, watau Legas, tun 1977 aka fara shi. A nan kusa da mu akwai filin baje koli a Gusau, ga kuma bikin kamun kifi na Argungu, mai asali tun 1934, inda akan haɗa da nunin amfanin gona.

A irin waɗannan wurare rumfuna ba su ƙidayuwa, kuma mai wucewa kallo ɗaya zai yi wa taku ya ci gaba. Masu zuwa iri biyu ne. Akwai mai sayen kwalba ɗaya ya kai wa iyalinsa tsaraba. Akwai kuma ɗan sari da mai kanti, wanda ya zo neman inda zai riƙa samun kaya duk shekara. Wannan na biyun shi ne ainihin ribar tafiya, gama in ya yarda da ku, cinikin kwana goma ya zama cinikin shekaru. Shi kuwa ba ya saye sai ya yi tambaya, ba ya dawowa sai ya gamsu da amsa.

Ku tuna kuma rumfa ba kyauta ba ce. A ce kuɗin rumfa da mota da dako da masauki da abinci sun tashi naira 200,000, ribar kowace kwalbar mai kuma naira 500. Watau sai an sayar da kwalba 400 kafin a mai da abin da aka kashe. Duk sa'ar da rumfa ta yi ba mai kula da baƙi, kuɗin adashinku ne ke zubewa.

RUMFA BIYU

Na taɓa tsayawa a wani baje koli ina kallon rumfa biyu da ke jere. Duka na ƙungiyoyin mata ne, duka kuma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji suke sayarwa. A ta farko wata mata ce ta sha ado, ta zauna can ƙurya bayan kwalaye, idonta na kan waya. Wani dattijo ya tsaya ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗaga kai ba. Ya ce, "Hajiya, nawa ne galan?" Ta ce, "Mai kayan ta fita." Ya ce, "To, man nan matsar hannu ne ko na inji?" Ta ce, "Wallahi ni ma kawo ni aka yi." Dattijo ya yi taku biyu ya faɗa rumfa ta gaba.

A can wata tsohuwa ce da yarinya 'yar kamar shekara goma sha biyar. Tsohuwar ta miƙe ta gaishe shi, ta ɓalli ƙuli-ƙuli ta miƙa masa a kan faifai mai tsabta ta ce, "Alhaji, ɗanɗana ka ji." Ya tambaye ta irin gyaɗar, ta faɗa masa. Ya tambaye ta wata nawa man ke yi bai canja ba, ta faɗa masa. Ya ce, "Galan nawa za ku iya ba ni duk wata?" Ta faɗi abin da suke iyawa, ta ƙara da cewa, "Fiye da haka ba zan yi maka alkawari ba, sai na shawarci 'yan'uwana." Yarinyar nan kuwa tana gefe da littafi, ta rubuta sunansa da garinsa da lambar wayarsa.

Da yamma na sayi ƙuli-ƙulin rumfunan nan duka biyu na ɗanɗana. Ku yarda da ni, na rumfar farko ya fi daɗi. Matan da suka soya shi suna can gida suna jiran labari mai kyau, ba su san abin da ya wuce su ba.

DARASI DAGA LADI KWALI

Ke 'yar makaranta, ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta. Matar nan da kika gani tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, mutumiyar Kwali ta ƙasar Gwari. A gida ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, ba ta yi makarantar boko ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ajiye tukwanenta a gidansa, a nan wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su ya yi mamaki. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, ita ce mace ta fari a wurin.

An kai tukwanenta nuni a London mutane suka yaba. Amma a 1962 sai aka kai ta Ingila ita da kanta, ta zauna gaban jama'a ta ɗauki yumɓu ta gina tukunya suna kallo. A 1972 ta yi haka a Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a 1984.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka ɗauki nauyin tafiyarta sun gane cewa tukunya a kan tebur abin kallo ce kawai, amma tukunya da maginiyarta a gefe abin sha'awa ce da girmamawa. Ba tufafi suka duba ba, ba takardar makaranta ba. Sanin aiki suka duba. Haka ya kamata mu yi.

HALAYE HUƊU

Na fari, ta san kayan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin masu zuwa lalle a sami wadda hannunta ya yi aikin, wadda za ta iya faɗin kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta zama daddawa, da abin da aka zuba a yaji, da irin kabar da aka saƙa faifai. In da hali ta tafi da ɗan aiki a hannu, ko saƙa ko ɗinkin hula. Ba abin da ke tsai da mai wucewa kamar ganin hannu yana aiki.

Na biyu, ta kasance mai gaskiya. Kada ta ce man shanu tsantsa ne alhali an garwaya, kada ta ce kayan yau ne alhali na makon jiya ne. Wani zai tambaya ko kayanku suna da lambar NAFDAC, watau hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. In akwai, ta nuna. In babu, ta ce babu, kada ta ƙaga. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ɗan sari da aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, har ya hana wasu zuwa.

Na uku, ta kasance mai sakin fuska da haƙuri. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mutum ɗari za su yi tambaya iri ɗaya, dole na ɗarin ya sami amsa irin ta na farko. Wani zai yi tayin wulaƙanci, sai ta ce "Albarka" da murmushi, ba da harara ba. Kada kuma ta raina mutum don tufafinsa, gama sau da yawa mai tsohuwar riga shi ne mai babban kanti. Amma fa sakin fuska daban, surutu daban. Mai yawan surutu ba ta jin abin da mai saye yake so. Wadda ta iya saurare ta fi ta.

Na huɗu, ta iya lissafi da riƙon amana. A baje koli kuɗi na shigowa ta ko'ina, ga canji, ga masu biya ta waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa sun saba da tura kuɗi ta banki, mazambata kuma sun saba da nuna shaidar biya ta ƙarya. Kada a saki kaya don mai saye ya nuna rubutu a wayarsa, sai an ga kuɗi sun shiga asusun ƙungiya.

Da wuya ki sami mace ɗaya da ta haɗa halayen nan huɗu cif. Wannan ba abin damuwa ba ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za mu zo kan wannan, amma tukuna akwai wata magana mai nauyi.

TAMBAYAR DA TA SHAFE MU

Akwai tambayar da ta shafi mutanen wannan yanki fiye da kowa, kuma gara mu faɗe ta tsakaninmu kafin baƙo ya jefo mana ita a tsakiyar taro. A 2010 aka gane cewa gubar dalma ce ke kashe yara ƙanana a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da wasu ƙauyuka na ƙasar Anka, daga baya kuma har da Bagega. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gari ana dakawa a turmi ana niƙawa a inji, ƙurar ta bi ƙasa ta bi abinci, yara masu rarrafe suka haɗiye ta. Yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ake kira Na Gari Na Kowa, suka buɗe wuraren magani a Anka da Bukkuyum. Aka kuma bi gida gida ana kankare ƙasar da ta gurɓata ana zuba sabuwa. 'Yargalma na cikin garuruwan da aka fara gyarawa a shekarar ta 2010, Bagega kuwa sai a 2013.

Labarin nan ya gama duniya ta rediyo da jaridu. Saboda haka in mai saye ya ga an rubuta Anka ko Bukkuyum a allon rumfarku, yana iya ajiye ƙullin yaji ya ce, "Ba can ne aka yi gubar dalma ba?" A nan ne za a san wadda kuka aika.

Wata za ta yi fushi ta ce an ci mutuncin garinsu. Wata za ta ɓoye asali ta ce su daga wani gari suke. Wata za ta yi ta rantsuwa cewa ba komai, alhali ba ta san inda aka niƙa kayan ba. Duka ukun sun yi hasara. Mai hankali za ta ce, "Haka ne, Alhaji, abin ya faru, kuma mu muka fi kowa jin zafinsa. Don haka ne muke kiyayewa. Injin da muke niƙa bai taɓa niƙa dutse ba. Turminmu na abinci ne kaɗai. A kan tabarma muke shanya, a bisa, ba a ƙasa ba. Ba a shigo da dutsen haƙa gidajen da muke aiki."

Amma fa, 'yan'uwana, ba za ta faɗi haka ba sai in haka ɗin ne. Watau wannan magana tun daga gida take farawa. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ido kuma ba ya ganinta a cikin gari ko yaji. Awon masana kaɗai ke tabbatar da ita. Don haka kowace ƙungiya ta bincika injin da take kai niƙa, da turmin da take daka, da inda take shanya, ba don baƙo kaɗai ba, don 'ya'yanmu da ke cin abincin nan kullum. Wadda za ta tsaya a rumfa kuma ta ga wuraren nan da idonta, ta faɗi abin da ta gani, ta tsaya a nan. Mace ɗaya mai amsa irin wannan tambaya cikin natsuwa tana wanke sunan gari fiye da allo goma.

TSOHUWA DA 'YAR MAKARANTA

To, yanzu wa da wa za su tafi? Shawarata ita ce kada rumfa ta kasa mutum uku. A sami dattijuwa wadda ta san aiki, mai kwarjini, ita ce mai magana da manyan baƙi. A sami mace mai ƙarfi a jika, mai aunawa da ƙullawa da gyara kaya. A sami kuma mai karatu, wadda za ta riƙe littafi. In ɗaya ta tafi salla ko cin abinci, biyu suna nan. Rumfa ba ta zama ba kowa, ko na minti ɗaya.

Na san da yawa daga cikin gwanayenmu matan kulle ne, ba za su fita ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kaka da kakanni dillaliya ke shiga gida gida ta ɗauki kayan matan aure ta sayar, ta ɗauki la'adarta ta kawo sauran. Mai zuwa rumfa dillaliyar ƙungiya ce. Sai gwanar nan ta zaunar da ita ta koya mata duk abin da ya kamata ta sani, ta kuma bar wayarta a kusa, ko wata tambaya za ta taso. Wadda za ta tafi kuma ta nemi iznin mai gidanta da wuri, ba ana gobe tafiya ba. A tafi da namiji na gida mai hankali don rakiya da ɗaukar kaya, a tambayi halin da hanya take ciki, a yi tafiyar rana.

Ku kuma 'yan makaranta, ga ranar karatunku. A Kaduna da Legas za ku gamu da wanda ba ya jin Hausa, sai Turanci. Ke za ki yi wa Inna tafinta. Ke za ki rubuta abin da aka sayar da abin da ya rage, da sunan duk wanda ya ce zai yi sari. Lissafin da kike ƙi a aji, ga amfaninsa ya zo. Amma iyaye ku ji da kyau, wannan ba talla ba ce. A lokacin hutu kaɗai za a tafi da yarinya, ba a tsakiyar karatu ko jarrabawa ba. Kada a bar ta ita kaɗai a rumfa. Kada a aike ta kai kaya masaukin wani. Lambar wayar da za a ba baƙi ta ƙungiya ce, ba ta yarinya ba.

YADDA ZA A ZAƁA

A nan ne zumunci kan shiga ya ɓata sha'ani. Ana jin nauyin a ce wa shugaba ba ke za ki je ba, ana jin kunyar a tsallake matar wa ko 'yar maƙwabciya. To, ku tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864. Da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauyuka, sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali da amana, ta karantar da su, ta naɗa su jaji ta ɗora musu malfa, sa'an nan ta aike su. Ta zaɓa, ta koyar, kana ta aika. Ku ma ku bi wannan jeri.

Hanya mai sauƙi ita ce gwaji, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. Ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida ku jera kaya kamar rumfa. Duk mai son zuwa ta zauna. Sauran mata su zo ɗaya bayan ɗaya kamar masu saye. Wata ta yi tayin banza, wata ta kushe kaya, wata ta ba da babban kuɗi ta nemi canji, wata ta yi tambayar dalma, wata ta ce tana son galan hamsin nan da mako guda. Za ku sha dariya, amma kafin la'asar kowa ta ga wadda ta iya. Ta haka ba wadda za ta ce an yi son kai. Shugaba mai hankali kuwa ita za ta fara cewa a gwada ta.

KAFIN TAFIYA DA BAYAN DAWOWA

Kafin a ɗaura kaya ku zauna ku yanke abu huɗu, a rubuta a littafi gaban kowa. Na ɗaya, kuɗin kowane kaya, da iyakar ragin da za a iya yi, da kuɗin sari. Kada mai saye ya ji kuɗi biyu a rumfa ɗaya. Na biyu, yawan kayan kowace mace, don kada a dawo ana musu. Na uku, abin da za a ba masu zuwa na wahalarsu, ko la'ada ko lada tsayayye. Wadda ta bar gidanta kwana goma tana tsaye a rana ta cancanci hakkinta, kuma wadda aka biya ta fi jin nauyin amana. Na huɗu, abin da za a fitar don ɗanɗano da gyara, don kada a ce an cinye.

A rumfa kuma, a yi tufafi masu tsabta ba masu ɗaukar ido ba, a yanke farce, a rufe abinci saboda ƙura da ƙuda. Mai taɓa kuɗi kada ta taɓa abinci. Kujera ta kasance a gaba inda za a ga fuska. Kada a tara 'yan gari ana hira a bakin rumfa har baƙo ya rasa wurin tsayawa. Kowane dare a ƙirga kuɗi da kaya, mutum biyu su shaida. In an sami sarari, ɗaya ta zaga ta ga yadda wasu suke ƙulla kayansu da yadda suke sayarwa, ta kawo muku labari. Wannan ma riba ce.

Bayan an dawo, kada a wuce mako ba a yi taro ba. A karanta littafi, a raba kuɗi, a faɗi abin da masu saye suka yaba da abin da suka kushe, ba tare da jin haushi ba. Sa'an nan a buga wa duk wanda ya bar lambarsa waya tun bai manta da ku ba. Wanda aka yi wa alkawarin kaya, a cika masa a ranar da aka ce. Sau da yawa a nan ne ake zubar da abin da aka sha wahala aka samo.

To, 'yan'uwana, a taronku na wannan mako, kafin ku yi maganar gyaɗa tiya nawa za a saya, ku fara da maganar wa za ta tsaya. Ku shimfiɗa tabarmar gwaji, ku kira 'yan makarantarku su kawo littafi da alƙalami. Allah ya ba da kasuwa, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.